Ganin Wuri Kafin a Kama Shi: Wani Sabon Mataki a Shirin Biki a Malam Madori

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci al'adun auren Hausawa ya san matakan da aka saba lissafawa, tun daga na-gani-ina-so, da gaisuwa, da sa rana, da lefe, har zuwa ɗaurin aure da tarewa da buɗar kai. To amma akwai wani mataki da ya kutso cikin jerin nan a 'yan shekarun baya, wanda har yanzu bai sami gurbi a cikin darussan al'ada ba, watau zuwa a ga wurin da za a yi taron biki kafin a biya kuɗin kama shi. Wannan maƙala za ta yi bayanin matakin kamar yadda yake a garin Malam Madori da kewayensa. Abin da muke son nunawa shi ne, ko da yake hayar wurin biki baƙuwar aba ce, zuwa ganinsa ba baƙo ba ne, domin yana da uwa a cikin al'adarmu. Kuma a ƙasa irin ta Haɗeja, inda ruwa da rairayi suke maƙwabtaka, wanda ya raina wannan mataki yakan biya da kuɗinsa da mutuncinsa.

Garin da Yanayinsa

Malam Madori hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Jigawa, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 8 na masarautar Haɗeja, kuma tsakaninta da birnin Haɗeja kimanin kilomita 20 ne a kan hanyar da ta fito daga Gumel. Garin ya bunƙasa ne albarkacin hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kano ta isa Nguru a wajen 1930, wadda ta sa ya zama matattarar gyaɗa da fatake da ma'aikata. Saboda haka tun farkonsa gari ne da ya saba da baƙi, kuma biki a cikinsa yakan jawo dangi daga Haɗeja, da Kaugama, da Birniwa, da Gumel, har da Nguru da Kano.

Ƙasar kuwa iri biyu ce a cuɗe. Akwai jigayin rairayi, waɗanda daga gare su ne jihar ta samo sunanta lokacin da aka cire ta daga Kano a 1991, akwai kuma kwari da fadamun da ke bin Kogin Haɗeja. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, amma ruwan Agusta yakan zo da ƙarfi, sa'an nan kogin ya ciko da ruwan da ya kwaso tun daga ƙasar Kano, inda madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) suke. Ciyawar kacala da ta toshe hanyoyin ruwa da yawa ta ƙara sa kogin yana fantsama inda a da ba ya zuwa. Mutanen yankin ba su manta da ambaliyar 2012 da ta 2020 da ta 2022 ba. Mun kawo wannan duka ne domin a gane cewa a nan fili guda yana da fuska uku: ta rani, da ta bazara, da ta damina. Wanda ya ga ɗaya bai ga sauran ba.

Daga Tsakar Gida Zuwa Hol

A da ba a hayar wurin biki. Ɗaurin aure a ƙofar gidan waliyyi ko a masallaci ake yin sa, kamar yadda ake yi har yau. Mata suna wuni a tsakar gida, in ta cika a buɗe gidajen maƙwabta, samari da 'yan mata kuma su nufi dandali da dare. Babu wanda yake bukatar zuwa ganin waɗannan wurare, domin kowa a cikinsu ya tashi. Ya san inda ruwa yake kwanciya, ya san inuwar da take daɗewa.

Abubuwa da dama suka taru suka fitar da biki daga gida. Gidajen yanzu a kan ƙananan filotai ake gina su, an zuba siminti an toshe tsakar gida da ɗakuna. Gayya ta faɗaɗa, domin katin da ake aikawa ta waya ba ya ƙarewa kamar goro. Sa'an nan an sami sababbin shagulgula da suka shigo daga birane, irin su dina da fati, ga kamu da walima su ma sun sauya kama, sun koma zaman kujera da lasifika. Daga nan sai aka shiga neman wuri. Mai ƙaramin ƙarfi yakan tare layi ya kafa kanofi, ko ya nemi aron harabar makaranta. Wani ya nemi ɗakin taro. Mai hali kuwa ya ɗebi jama'a zuwa hol a Haɗeja, wani lokaci ma har Dutse ko Kano.

Yana da kyau ɗalibin harshe ya lura da kalmomin da lamarin ya zo da su. An ari hol, da kanofi, da janareto, amma aikatau ɗin da ake amfani da shi tsoho ne: kama. Ana kama wuri kamar yadda ake kama ɗaki ko a kama haya. Kuɗin da ake fara bayarwa kuwa shi ne kafin alƙalami, sunan da shi kansa yake nuna cewa akwai rubutun da ya kamata ya biyo baya. Za mu komo kan wannan.

Uwar Al'adar: Ganin Ɗaki

Mun ce zuwa ganin wuri yana da uwa. Uwar ita ce ganin ɗaki. Bisa al'ada, kafin a yi wa amarya jere, dangin ta mata, watau gwaggwanni da innoni da yayye, sukan je gidan ango su ga ɗakin da za a kai 'yarsu. Ba yawon buɗe ido suke zuwa ba. Sukan auna tsawo da faɗi domin a san irin gadon da zai shiga, su duba ƙofa ko za ta ci kabad, su leƙa madafa da makewayi, su ɗaga kai su dubi rufi ko yana yoyo. In sun ga abin da bai yi musu ba, sai a aika wa dangin ango a gyara tun da sauran lokaci. Ba a taɓa jin an sayi kayan ɗaki bisa labarin da ango ya bayar ba, ko da kuwa an san shi da gaskiya. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Hausa ta rarrabe ayyukan ido, kuma bambancin yana da amfani a nan. Kallo na nishaɗi ne. Leƙe na gaggawa ne. Gani yana iya zama tsautsayi, ido ya faɗa a kan abu ba da niyya ba. Amma dubawa aiki ne na mai neman sanin lafiyar abu ko aibinsa, shi ya sa likita yake duba maras lafiya, malami yake duba takardun jarrabawa. Tsofaffin da ke zuwa ganin ɗaki, ko da yake sunan aikin nasu gani ne, dubawa suke yi. Matsalar da muke gani a yau ita ce, yawancin waɗanda ake turawa ganin wurin biki kallo suke yi. Abokan ango ne ko ƙawayen amarya, idonsu yana kan fitilu masu launi da kujerar da ango da amarya za su zauna. Wasu ma ba sa zuwa, hoto ake turo musu ta WhatsApp, su aika da kuɗi ta banki. Wannan shi ne sayen kifi a ruwa, kuma abin kunya ne a ce ɗan ƙasar Haɗeja, inda ake cinikin kifi a faifai kowa yana gani, shi ne zai yi shi.

A ra'ayina, tawagar ganin wuri ba ta cika ba in babu mace dattijuwa a ciki. Dalili kuwa, taron biki galibinsa na mata ne da yara. Ita ce za ta tambayi inda za a ajiye tukwane da kuloli, da inda mai goyo za ta keɓe, da inda za a yi alwala da salla in la'asar ta yi. Saurayi ba ya tuna waɗannan sai ranar da aka rasa su.

Abin da Ƙasa Take Faɗa

Abu na farko da mai dubawa zai karanta shi ne ƙasar wurin, tun kafin ya shiga cikin ginin. Bukukuwa sun fi yawa bayan kaka, lokacin da manomi ya sayar da riɗi ko shinkafa, da kuma watan Sha'aban da bayan sallolin nan biyu. Da yake watannin Musulunci suna zagayawa, suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, bikin bayan salla yana iya faɗawa cikin kowane yanayi. Sau da yawa kuma ana zuwa ganin wuri wata biyu ko uku kafin ranar, ke nan a gan shi a bushe a yi taro a cikin ruwa.

Duk da haka ruwa ba ya tafiya bai bar sawu ba. A dubi gindin katanga: in akwai layi mai duhu da ya zagaye ta, ko siminti ya ɓarɓashe daga ƙasa, to nan ne iyakar inda ruwan bara ya tsaya. In ƙasar fili baƙa ce ta daddare, laka ce, da an yi ruwa ɗaya za ta riƙe takalmin mata da tayar mota. In rairayi ne, ruwa zai shanye da wuri, amma ƙafar kujerar roba takan nutse, kuma mota mai nauyi tana iya kafewa. A duba ko daɓen ginin ya ɗara titi tudu ko kuwa titi ne ya hau kansa. A duba kwalbati da magudana, da kududdufin da ke kusa. Sa'an nan a tambayi maƙwabta, musamman mai shayi ko mai kanti da ke bakin wurin, domin shi ba shi da riba a cikin cinikin, abin da ya gani a Agusta shi zai faɗa.

Hanyar zuwa ita ma ɓangare ce ta wurin. In dangin amarya daga ƙauyukan bakin fadama za su fito, to a san halin hanyarsu a watan da aka sa. Hol mai kyau ba shi da amfani ga wanda ruwa ya tsare a hanya.

Na ga irin wannan da idona a bikin wata 'yar'uwata. An kama wani fili mai katanga a cikin watan Mayu, aka biya, kowa yana yabon faɗinsa. Bikin ya zo a ƙarshen Agusta. Daren jajibere aka kwana ana ruwa, da gari ya waye sai ga rabin filin ya zama tafki, kujerun da aka jera tun jiya suna tsaye a ciki. Mai wurin ya ce shi fili ya bayar, bai yi alkawarin sama ba. Haka aka kwashi mata aka raba su gidaje uku na maƙwabta, watau aka koma tsarin da aka guje wa tun farko, ga kuɗi sun tafi. Abin da ya fi ci wa iyayen amarya rai ba kuɗin ba ne, a'a, baƙin da suka zo daga nesa ne suka yi ta yawo a layi suna tambayar inda ake biki. Daga baya da na koma wurin na ga layin ruwa a jikin katangar, tsayinsa ya kai gwiwa. Yana nan tun ranar da muka je gani, ba mu dai duba ba ne.

Sauran yanayin shekara su ma da nasu. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma ɗaki mai rufin kwano da babu silin yakan zama tanda tun kafin azahar. A Disamba da Janairu hunturu yana zuba ƙura a kan abinci, da dare kuma sanyi ya kori tsofaffi daga fili. Kusa da fadama, da zarar an kunna fitila bayan magariba sai sauro da ƙwari su amsa gayya. Saboda haka ya kamata a je ganin wuri a daidai sa'ar da za a yi taron. Wanda za a yi wa kamu da la'asar, bai kamata ya je dubawa da hantsi ba, domin ba zai san ta inda rana take dukan mutane ba.

Cikin Ginin

In mai wuri ya ce hol ɗinsa yana cin mutum 500, kada a yi musu da shi, a auna kawai. Alal misali, ɗaki mai ƙafa 40 a faɗi da 60 a tsawo yana da murabba'in ƙafa 2,400. In kujeru za a jera sahu-sahu, kowane mutum yana bukatar kamar murabba'in ƙafa 8, ke nan mutum 300. In da tebura ne, sai a ba kowa kamar 12, ya koma 200. Ba a cire mazaunin ango da amarya ba, da filin da za a bari a tsakiya, da wurin masu kayan sauti. Sa'an nan a tuna da yadda gayyar Bahaushe take: kati ɗaya yakan kawo mace da abokiyar zamanta da 'ya'yansu da maƙwabciyar da ta ce a jira ta. Wanda ya raba kati 200 ya kama wurin mutum 200, ya shirya wa kansa kunya.

Batun wuta kuwa, kada a dogara da ta kamfanin KEDCO a ranar biki. A nemi a tayar da janareto a gaban mai dubawa, a kunna fankoki duka a ga waɗanda suke juyawa, a ji ko ƙarar injin za ta danne magana. A tambayi wanda zai sayi mai da kuma awa nawa za a ba da wuta, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wannan ya zama babban abin da ke haddasa jayayya a tsakiyar taro. In wurin yana da sola, a tambayi abin da take iya ɗauka bayan faɗuwar rana. A buɗe famfo a ga ruwa. A shiga makewayi, kada a tsaya daga bakin ƙofa.

Akwai kuma abu guda wanda kusan babu mai tambayarsa, ga shi kuwa shi ne ya shafi rai: ƙofofi. Nawa ne, ina suke, ciki suke buɗewa ko waje, kuma wace ce aka garƙame da kwaɗo aka jibge kujeru a bayanta? Yawancin gine-ginenmu tagoginsu da ƙarfen tsaro, saboda haka in wani abu ya faru ƙofa ce kaɗai mafita. Masu biki kuma sukan rufe ƙofofi da kansu su bar ɗaya don a tace masu kati. A watan Agustan 2009 gobara ta kama wata rumfar biki a Jahra ta ƙasar Kuwait, wadda take da mafita ɗaya tak, mata da yara fiye da 50 suka rasu. A watan Satumban 2023 kuma, a garin Hamdaniyya na ƙasar Iraƙi, tartsatsin wasan wuta da aka kunna a cikin hol ya kama kayan adon rufi, mutum fiye da 100 suka halaka. Irin wannan wasan wuta na tartsatsi ya fara shigowa bukukuwan biranenmu, ga yadudduka masu saurin kamawa da ake lulluɓe bango da silin da su. Mai dubawa ya ɗaga kai ya ga wayoyin wuta, ya kuma tambayi inda ake ajiye jarkar mai.

Maƙwabta su ma a duba su. In wurin yana jikin masallaci ko makarantar allo, to a san cewa lasifika za ta yi shiru a lokutan salla, kuma akwai irin shagalin da ba za a lamunta ba. Jihar Jigawa tana cikin jihohin da suka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, kuma jama'a suna sa ido a kan cakuɗuwar maza da mata da kiɗan dare. Wanda zai tare layi ya kafa kanofi, ladabi ne ya fara sanar da mai unguwa da mutanen layin.

Kafin Alƙalami da Alƙalamin

Da an gamsu da wuri sai maganar kuɗi, kuma a nan al'ada ta haɗu da fiƙihu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukanmu, ya halatta cinikin abin da ba ya nan bisa siffantawa, ke nan sharaɗin shi ne abin ya zo daidai da yadda aka siffanta shi. To hoton da aka ɗauka ranar da aka ƙawata hol don bikin wani attajiri, siffar wurin ce ko siffar kayan adon da aka yi haya daga waje? Sau da yawa mai biki yakan zo ya tarar da bango tsirara, a ce masa ado kuɗinsa daban. Ganin ido shi yake kawar da wannan jahilci, wanda malamai suke kira garari.

Kafin alƙalamin da ba a mayarwa shi ma akwai magana a kansa. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hani a kan cinikin da ake ba da wani abu bisa sharaɗin in an fasa ya zama na mai kaya, kuma bayanin da ya yi ya haɗa da haya. Mazhabar Hambaliyya ta halatta shi, haka kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da shi a zamanta na Brunei a 1993, muddin an ƙayyade lokacin jira. Yanke hukunci aikin malamai ne. Abin da ya shafe mu shi ne, tun da akwai saɓani, bai kamata a bar maganar a baki ba. Aure yana ɗaguwa saboda rasuwa, ko rashin lafiya, ko kayan ɗaki ba su kammala ba. A faɗa tun farko abin da zai faru da kuɗin in an ɗaga, da abin da zai faru in mai wuri ne ya saɓa.

Bahaushe yana jin nauyin ya ce a rubuta, musamman in mai wurin sananne ne ko surukin wani nasa, sai ya ga kamar ya nuna rashin yarda. Alhali kuwa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Takardar ba sai ta yi tsawo ba. Ta ƙunshi kuɗin duka da abin da aka bayar, da sa'ar buɗewa da ta rufewa, da yawan kujeru, da wanda zai sayi mai, da wanda zai share wuri, da wanda zai biya kujerar da ta karye. A tambaya kuma ko akwai wani taron a wurin a wannan rana, domin a lokacin da bukukuwa suka yi yawa akan ba mutum biyu rana ɗaya, wani da rana wani da dare, na farko bai tashi ba na biyu ya iso da jama'arsa.

Wurin da aka fi samun kuskure shi ne rubuta ranar kanta. Iyaye sukan sa rana da lissafin wata, su ce Asabar ta biyu bayan ƙaramar salla, ko goma ga Sha'aban, shi kuwa mai hol littafinsa da kwanan watan Bature yake aiki. Tsayuwar wata sai an ji sanarwar Fadar Sarkin Musulmi, kuma kwana ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu yana iya mayar da Asabar ta biyu ta zama wata Asabar ɗin daban. Saboda haka a rubuta sunan ranar, da kwanan watan Bature, da shekara, a karanta wa mai wuri da shaidu biyu su ji, kowa ya sa hannu, sa'an nan a kai wa uwar biki kwafi ɗaya ta ajiye.